Taswirar Gidan Kakan Alhaji Ishiyaku

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika a tashar Birnin Kudu ya san Alhaji Ishiyaku, ko bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe muryarsa. Tsohon direban hanyar Kano ne, ya ajiye sitiyari ya kama benci, kuma tun da ya kama bencin nan ba shi da sana'ar da ta wuce ba da labarin kakansa. A bakinsa, kakan nan babban bafade ne a tsohon garin Kafin Gamji, can ƙasar Gwaram, mai gida da katanga da masu gadi. Gaskiyar kuwa, wadda tsofaffi suka sani suka haɗiye, ita ce kakan nasa Iliyasu Mai Jakai ne, bawan Allah da ya ƙare rayuwarsa yana dakon gyaɗa daga ƙauyuka zuwa kanti. Amma wa zai faɗa? Wani dattijon tasha, Malam Abdulnasir, ya taɓa kuskuren ambaton jaki a gabansa, sai da liman ya shiga tsakani. Daga ranar, ko kukan jaki aka ji a bayan tasha sai kowa ya kau da kai.

Ana nan sai ɗansa Rilwanu, saurayi mai hankali da ke sayar da kayan gyaran babur, ya ga Sa'adiyya 'yar Gwaram, ita ma ta gan shi. Magana ta kai ga manya. Waliyyinta shi ne wan mahaifinta, Alhaji Ikrima, ɗan kasuwar hatsi da riɗi, mutum ne da ba ya magana biyu. Ya aiko cewa ba su ƙi ba, amma kamar yadda aka saba, sai sun yi binciken asali kafin a sa rana.

"Bincike?" in ji Alhaji Ishiyaku. "Ni za a bincika?"

"Alhaji, kowa ma haka ake yi masa," in ji matarsa Kaltume. "Ka bar su su yi abinsu, ba mu da abin kunya. Yaron nan ko abinci ba ya ci saboda yarinyar nan, kada ka ɓata masa."

"In ɓata masa? Gyara masa zan yi. Ba sai sun wahalar da kansu ba, ni zan kai musu asalin har gida, zanen Bature da hannunsa."

Ashe wani ɗalibi ya taɓa ba shi labari a tasha cewa akwai wani shago a Kano da ake buga kwafin tsofaffin taswirorin garuruwa, irin waɗanda aka zana tun zamanin Turawa, masu binciken tarihin gari da na dangi suna saye. Kashegari ya hau motar farko. Da la'asar sai ga shi ya dawo da takarda a naɗe kamar tabarma, yana korar mutane daga hanya kada su taɓa ta da hannun manja.

Takardar kyakkyawa ce, ba laifi. Ga ganuwar tsohon Kafin Gamji a zagaye, ga lunguna, ga kasuwa, ga rijiya. Sai dai ta fi ƙarfin gilashin da Alhaji ya yi niyyar sa ta, wato firam ɗin hotonsa na Makka. Maimakon ya nemi babban gilashi, sai ya ce a miƙo masa almakashi.

"Baba, tsaya!" in ji Rilwanu. "Wannan gefen da za ka yanke shi ne yake bayanin kowane gini. Ga kuma kibiyar da take nuna arewa."

"Bature ne zai gaya mini garin kakana?" Ya buga ƙirji. "Bayanin yana nan."

Ƙaras, ƙaras, ya zagaye taswira da almakashi, ya watsar da gefen a tsakar gida, akuyar Kaltume ta yi godiya ta cinye. Sa'an nan ya sa tabarau ya bi gari da yatsa, har ya tsaya kan wani babban gini mai kusurwa huɗu, an zana shi da layi mai kauri, ƙofarsa ɗaya tak, yana jingine da gidan hakimi.

"Allahu Akbar! Ga shi nan. Kaltume, zo ki ga gidan da kika yi aure."

"Ni dai a nan gidan na yi aure," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Asabar ya ɗauki hayar bas, ya cika ta da dattawan tasha, har da Malam Abdulnasir, don ya ce yana so wasu su gani da idonsu su ji kunya. Aka ɗora lasifika a saman mota. A sabon Kafin Gamji, wanda ya koma bakin titi tun da daɗewa, suka tarar da Alhaji Ikrima da 'yan uwansa suna jira cikin fararen kaya. Mutanen gari da suka ji lasifika suka zaci taki gwamnati ta kawo, suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Da suka ji ba taki ba ne, sai suka ce tun da an riga an fito, bari a kashe kwarkwatar ido.

Tsohon garin kufai ne yanzu, gonaki sun cinye shi, ga damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi. Aka sauke lasifika daga mota wani ya ɗauko ta, aka taru a bakin tsohuwar rijiya, wadda ita kaɗai ce kowa ya yarda tana cikin taswira kuma tana nan a ƙasa. Alhaji Ishiyaku ya ɗaga gilashi sama, ya juya ya fuskanci alƙibla.

"Jama'a, gidan yana sama da rijiya a takarda. Saman takarda kuwa gabas ne. Bismillah."

Rilwanu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, saman taswira arewa ce."

"Kai, rufe mini baki. Masallaci gabas yake kallo, mamaci gabas ake juya shi, yanka gabas ake fuskanta, sai takarda ce za ta ba alƙibla baya? Bature kafirci ya yi, ba hauka ba."

Wasu suka ce wallahi maganar Alhaji akwai hankali a ciki. Aka ɗunguma gabas. Tafiya ba ta yi nisa ba ƙasa ta fara laushi, amma Alhaji idonsa na kan gilashi, bakinsa na ta zuba. Ba a ankara ba sai ga jama'a tsamo-tsamo cikin fadamar shinkafa. Taɓo ya kama takalmin Alhaji Ikrima na dama ya ƙi saki, sai da mutum biyu suka ja shi, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna.

"Wannan shi ne gidan?" in ji Alhaji Ikrima, yana tsaye da ƙafa ɗaya.

"Wannan mashayar dawakin gidan ce. Na biyo da ku ne ku ga faɗin abin."

Alhaji Ikrima ya dube shi. Sa'an nan ya ce a hankali, "Alhaji, in tambaye ka mana. A garin nan an yi wani mutum, Iliyasu Mai Jakai. Ko ka san shi?"

Dattawan tasha suka shiga kallon sama kamar masu neman wata. Rilwanu ya sunkuyar da kai.

"Mai me? Allah ya kiyaye! Wallahi ban haɗa jini da shi ba, ko a mafarki. Masu hassada ne suke haɗa ni da shi."

"To," in ji Alhaji Ikrima. "Mu je."

Alhaji Ishiyaku ya juya gilashi, ya ce ya tuna, a zamanin da ta kudu ake shiga gidan. Aka fito daga taɓo aka kutsa cikin wata gonar riɗi, jama'a na tattake shuka. Mai gonar, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji da ake kira Badaru, ya taso daga gindin marke da fartanya a kafaɗa.

"Kai! Kai! Lafiya? Gawa kuka ɗauko?"

"Malam, yi a hankali," in ji Alhaji Ishiyaku, yana nuna masa gilashi. "Ka san inda kake tsaye kuwa? Gonar nan taka a tsakar gidan kakana take."

Kowa ya san ba a yi wa manomi irin wannan magana, balle da takarda a hannu. Badaru ya ajiye fartanya ya tuɓe riga.

"Ashe ku ne masu zuwa da takarda ku ƙwace gonar mutane! Gonar da na gada tun kakan kakana? Yau sai dai a kwashi gawar wani."

"Ni na ce ina son gonarka? Me zan yi da riɗi, ni da na gaji fada?"

"To ka je fadar ka tattake!"

Ya cakumi babbar rigar Alhaji, aka ji kyaat, hannun riga ya rabu da uwarsa. Gilashi ya faɗi ya tsage biyu. Da ƙyar Alhaji Ikrima ya raba, don shi ke sayen riɗin Badaru duk shekara, ya ce ɓarnar a wuyansa. Badaru ya mayar da riga, amma ya ce ƙafarsa ƙafarsu, sai ya ga ƙarshen wannan gida.

Da aka nufi yamma kuwa, abin bai ɗauki lokaci ba. Wata ruga ce a can, karnukanta suka tari jama'a tun daga nesa, dattawan da suka shekara suna kukan ciwon gwiwa suka nuna ashe da sauran gudu a jikinsu. Aka sake haɗuwa a bakin rijiya ana haki, hular wani a hannun wani.

"Saura arewa," in ji Badaru.

"Da ma ita ce," in ji Alhaji Ishiyaku. "Gwada ku nake yi in ga mai haƙuri."

Ikon Allah, arewa ta karɓa. Bayan wata gonar dawa sai ga wani tudu mai kusurwa huɗu, sabara ta rufe shi, ba wanda ya noma shi. Ga gindin katanga nan mai kauri ya zagaye, ga gurbin ƙofa ɗaya tak, daidai da zanen takarda. Alhaji Ishiyaku da kansa sai da ya yi mamaki, don a ransa bai taɓa zaton za a sami wani abu ba. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ya haye tudu da yagaggiyar riga, ya karɓi makirfo.

"Gani ya kori ji! Ina masu cewa ƙarya nake? Ku dubi kaurin katanga! Wallahi tallahi a nan kakana ya zauna. Shekara da shekaru bai taka ƙofar waje ba. Abinci kawo masa ake yi. Dogarai a bakin ƙofa ba dare ba rana. Hakimi da bakinsa ya ce kada a kuskura a bar shi ya fita, saboda tsabar ji da shi!"

Aka yi kabbara. Malam Abdulnasir ya fara tunanin ko shi ne ya yi shekaru yana ɗaukar alhakin mutum.

Da Alhaji ya tsaya nan, da ya ci riba. Amma mai baki bai san ya isa ba. Ya ce gidan manya ba ya rasa abin tarihi a ƙasa, a ba shi fartanya. Badaru ya miƙa masa. Ya yi sara nan, ya yi sara can, sai ji aka yi ƙwal! Ya tona da hannu, ya zaro wani zoben ƙarfe mai faɗi, ya yi tsatsa, da guntun sarƙa a jikinsa.

"Kun gani? Munduwar ƙafa ta manyan fada! Ba kowa ake ba ba. Da ita ake gane mai daraja tun daga nesa, in yana tafe tana ƙara."

"Baba, don Allah ajiye," in ji Rilwanu, wanda jikinsa ya fara ba shi.

"In ajiye gadona?"

Ya zauna ya cire takalmi. Ƙafar na da santsin taɓon fadama, ya tura, ya murɗa, ya cije, zobe ya wuce dunduniya ya zauna daram a idon sawu. Ya miƙe ya yi taku biyu na ƙasaita, sarƙa na bin sa tana ƙarau-ƙarau.

Daidai nan ɗan acaɓa ya sauke Gwaggo Kubra, ƙanwar mahaifin Alhaji Ikrima. Tsohuwa ce tukuf, a tsohon garin aka haife ta, ta ji ana yawon kufai ta ce ba za a yi ba ita ba. Kunnenta ya yi nauyi, don haka in za ta yi magana sai ta ɗauka kowa ma kurma ne.

"Ikrima! Me ya kawo ku tsohon gidan yari?"

"Gwaggo, gidan me?"

"Gidan yari mana! Nan hakimi yake tsare ɓarayin shanu. Muna yara ko itace ba a bari mu yi a nan." Ta ƙanƙance ido ta hango mai tsaye a kan tudu. "Wancan kuma me ya sata aka sa masa marin fursuna a ƙafa?"

Badaru ne ya fara, ya ce, "Ashe shi ya sa ake kawo masa abinci." Wani ya ce, "Ga dogarai ba dare ba rana." Wani daga baya ya ce, "Hakimi yana ji da shi!" Sai wuri ya ɓarke. Mutane suna riƙe ciki, wasu sun zauna a ƙasa, mai riƙe da lasifika ya manta bai kashe ba, dariya ta tafi har sabon gari. Alhaji Ishiyaku ya duƙa yana ta kokawa da ƙarfe, amma ƙafar da ta wuni tana yawo ta kumbura, mari ya ce ya sami gida.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Rilwanu da Alhaji Ikrima. Da hayaniya ta lafa, Alhaji Ikrima ya tako da takalmi ɗaya ya tsaya a gindin tudu.

"Alhaji, shekaranjiya masu bincikenmu suka dawo. Suka ce mini kai jikan Iliyasu Mai Jakai ne. Mutumin nan ya yi wa mahaifina dako har ya tsufa, ko ƙwayar gyaɗa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Na ce alhamdu lillahi, jinin amana ya zo neman 'yarmu. Yau da niyyar sa rana na fito. To amma ka rantse a gaban jama'a ba ka haɗa jini da shi ba, ka kuma rantse kakanka mazaunin gidan nan ne. Ni ba na ƙaryata Musulmi in ya rantse. Sa'adiyya kuwa ba zan kai ta zuriyar ɓarayin shanu ba. Ku gaida gida."

Ya juya. Rilwanu ya tsuguna a gefen sabara ya rufe fuska da hula. Wannan ne ya soki Alhaji Ishiyaku fiye da duk dariyar da aka yi. Tsoro ya kama shi na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan sitiyari.

"Alhaji, tsaya! Akwai shaidu. Malam Abdulnasir, kai ka sani. Gaya musu ko ni jikan wane ne."

Malam Abdulnasir ya gyara hula. "Ni? Ai ni na tuba tun wancan karon, a gaban liman. Kakanka bafade ne."

"Don girman Allah ka faɗi gaskiya!"

"Alhaji, gani ya kori ji. Ga munduwa a ƙafarka."

Ya bi sauran dattawan da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi bafade ya sani. Abin da ya shekara yana shukawa a tasha ya nuna, kuma ba mai taya shi girbi. Alhaji Ikrima har ya kai bakin gonar dawa.

Sai Alhaji Ishiyaku ya fizgi makirfo.

"Jama'a! Ni Ishiyaku ɗan Garba, Garba ɗan Iliyasu Mai Jakai! Rantsuwar da na yi ta ƙarya ce, Allah ya yafe mini. A bayan kasuwa gidanmu yake, ɗaki biyu da turke. Jakansa uku, da Goho da Aura da wata makauniya da muke kira Hajiya. A kan mangala ya yi rainona, in ya tafi kanti ina tsakanin buhu biyu. Wanda bai yarda ba ya zo ya gani!" Ya cire hula ya sunkuyo da kai, ga wani tsohon tabo a ƙeya kamar rabin wata. "Aura ce ta harbe ni ina jan wutsiyarta. Kakana ya ɗauke ni a kafaɗa yana kuka har gidan wanzami."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Gwaggo Kubra ta matso ta leƙa ƙeyar, ta leƙa fuskar.

"Af! Ai wannan jikan Iliyasu ne, ga kunnuwan nan. Wa ya ce ɓarawo ne? Iliyasu ko tsinke bai taɓa ɗauka ba."

Alhaji Ikrima ya dawo a hankali. Ya dubi tabon, ya dubi Rilwanu da ke tsugune.

"To yanzu na ji asali. Tashi, yaro. In an yanke riɗi a turo manya. Kai kuma Alhaji, malamai za su gaya maka abin da ke kan mai rantsuwa biyu a wuni ɗaya."

Saura fitar da Alhaji daga kufai. Ƙafa ta kumbura ba ta takuwa, bas ba ta shiga gona, maƙeri kuwa yana sabon gari. Badaru ya ce shi dai abin hawa ɗaya gare shi, ya tafi ya jawo jakarsa. Alhaji ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ga ba sauran abin ɓoyewa. Ya dafa ya haye can baya kan ƙugu, inda gwanaye ke zama, ya yi mata wani ɗan sauti da harshe, jaka ta kama hanya kamar ta san shi. Rilwanu na gefe yana riƙe da sarƙa kada ta sarƙe a sabara.

Sun yi nisa kaɗan, iska ta bugi Alhaji, ya ji ransa ya dawo. Ya gyara zama, ya waiwaya ya ga surukai na biye a baya, ya ɗaga murya.

"Kai Rilwanu, ka san kuwa duk ƙasar nan ba a yi mai jakai kamar kakana ba? Ukun nan da na faɗa na cikin gida ne kawai. In ya taso da ayari daga Dingaya, na gaba yana shiga Birnin Kudu na baya bai..."

"Baba," in ji Rilwanu, "don Allah ka bari a ɗaura auren tukuna."